Shaidar Masoyi: Wa Zai Rubuta Birnin Kudu da Gwaram?

A littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu akwai wata ƙa'ida da kowane ɗalibi yake tararwa idan ya kai babin shaida. Alƙali ba ya karɓar shaidar ɗa a kan abin da zai amfani ubansa, ko ta uba ga ɗansa, haka nan ba ya karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa. Ba a ce waɗannan mutane maƙaryata ne ba. Akwai ɗan da ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai faɗi ƙarya ba. Abin da malamai suka lura da shi shi ne, so da ƙi suna karkatar da ido tun kafin magana ta iso baki. Bahaushe ma ya faɗi nasa a taƙaice, ya ce so hana ganin laifi.

To ga shi mun wayi gari a zamanin da idan baƙo ya nemi sunan garinmu a wayarsa, abu na farko da yake cin karo da shi sau da yawa rubutun masoya ne. Ɗan makaranta a Birnin Kudu, ko malamin firamare a Gwaram, in dai yana da waya da 'yar data, zai iya buɗe shafin garinsu a Wikipedia, ya danna inda aka rubuta "gyara", ya ƙara layi ko ya goge layi, nan take mutumin Yamai da na Kumasi su ga abin da ya rubuta. Ba wanda ya tambaye shi takardar shaidar karatu, ba kuma wanda zai biya shi ko sisi. Abin da ya kawo shi kawai son garin ne. Idan kuwa haka ne, wannan babban kundi da muke dogaro da shi an gina shi ne da irin shaidar da alƙali zai ajiye gefe. Tambayar da muke son mu tattauna ke nan: yaya masoyi zai ba da shaida a kan abin da yake so, kuma shaidar ta zama abin karɓa?

Gonar da ba ta da shinge

Kalmar "wiki" daga harshen mutanen tsibirin Hawayi aka aro ta, ma'anarta sauri. Wani masanin kwamfuta Ba'amurke, Ward Cunningham, shi ya fara ƙirƙiro irin wannan kundi a 1995, wanda duk mai karatu zai iya zama mai gyara. A ranar 15 ga Janairu 2001 Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa Wikipedia a kan wannan tsari. Daga baya masoyan fina-finai da wasanni da littattafai suka ga ai su ma za su iya tara duk abin da suka sani game da abin ƙaunarsu ta wannan hanya. Masoyan fim ɗin Star Wars, alal misali, sun kafa nasu kundin a 2005, suna bin kowane jarumi da kowane ƙaramin al'amari na labarin dalla-dalla, kyauta, shekara da shekaru.

Mu a ƙasar Hausa, inda wannan ɗabi'a ta fi bayyana shi ne Wikipedia ta Hausa, wadda matasa 'yan sa-kai suka cika da dubun-dubatar maƙaloli. Abin da muke so kuwa ba ɓoyayye ba ne. Muna son garuruwanmu da gidajen sarautarmu. Muna son malamanmu da 'yan siyasarmu, da jaruman Kannywood, da ƙungiyoyin ƙwallo irin su Kano Pillars da Jigawa Golden Stars. Wanda ya zauna tsakar dare, bayan ya biya kuɗin caji, yana haɗa jerin hakiman garinsu, shi ma masoyi ne kamar wancan mai bin jaruman fim, sai dai nasa abin son yana da kasuwa da makabarta da mutanen da za su ji zafi idan an yi musu ƙarya.

Kirari da tarihi

Mu mutane ne da suka gaji kirari. Maroƙi idan ya tsaya gaban basarake ba aikinsa ba ne ya auna magana, aikinsa ya kumbura ta, kuma kowa a wurin ya san da haka, shi ya sa ba a kiransa maƙaryaci. Matsalar tana tasowa ne idan harshen maroƙi ya shiga wurin da mai karatu ya zo neman labari tsagwaronsa.

Mu ɗauki misali daga gida. Sule Lamido an haife shi a Bamaina ta ƙaramar hukumar Birnin Kudu a 1948. Ya yi ministan harkokin waje daga 1999 zuwa 2003, ya yi gwamnan Jigawa daga 2007 zuwa 2015, a zamaninsa ne aka kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013. Ali Sa'ad Birnin Kudu shi ne zaɓaɓɓen gwamna na farko bayan an yanke Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991, ya yi mulki daga farkon 1992 zuwa Nuwamba 1993. Waɗannan maganganu ɗan jam'iyya da ɗan adawa duk za su karanta su gyaɗa kai. Amma da zarar masoyi ya ƙara cewa ba a taɓa yin gwamna kamar wane ba, ko maƙiyi ya ƙara cewa wane bai tsinana komai ba, an bar tarihi an koma dandalin kamfe. Abin lura shi ne, wanda ya rubuta jimlar yabon bai ji a ransa cewa ya yi ƙarya ba. Abin da ya yi imani da shi ya rubuta. Nan ne haɗarin yake, domin maƙaryaci ya san ya kauce, masoyi kuwa yana ganin a kan hanya yake.

Haka abin yake ga Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, makarantar da muke alfahari da ita, wadda Aliko Dangote yana cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta. Jerin fitattun tsofaffin ɗalibai na kowace makaranta wuri ne da son kai yake samun ƙofa cikin sauƙi. Wannan ya saka kawunsa, wancan ya saka maigidansa, tun jerin yana da nauyi har ya koma kamar takardar gayyatar biki. Kowane suna da aka cusa don zumunci yana rage darajar sunayen da suka cancanta. Masoyin makarantar ne ya yi mata wannan ɓarna, da hannunsa, yana ganin hidima yake yi.

Baƙo da mai ɗaki

Wani zai ce, to ai magani a bayyane yake, a bar wa waɗanda ba su da dangi a garin su rubuta. Mun taɓa gwada wannan, ko kuwa mu ce an taɓa gwada mana.

A cikin duwatsun da suka kewaye Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zane-zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse. Cikinsu akwai shanu marasa tozo, waɗanda suka bambanta da irin da Fulani suke kiwo a yankin yau. Akwai kuma duwatsun da idan aka buga su suke amsawa kamar ƙuge. A shekarun 1950 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi nazari a kansu ya wallafa, daga baya gwamnatin tarayya ta sa wuraren cikin kayan tarihin ƙasa. Aikinsa ya yi amfani ƙwarai, ta dalilinsa masana a ƙasashen waje suka san da wurin. Amma kalmar da aka saba amfani da ita ita ce wai a lokacin ne aka "gano" zanen. Makiyayin da ya fake wa ruwan sama a ƙarƙashin dutsen, da yaran da suka tashi suna wasa a kansa, su me suka yi ke nan? Baƙo yana iya auna tsawon ƙaho a jikin dutse da kyau, amma sunan da tsofaffi suke kiran kowane kogo, da abin da ake faɗa wa yara game da shi, da wanda ake tsoro da wanda ake zuwa hutawa, waɗannan mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma baƙon ma ba kullum yake zuwa ba. Fagg ya zo ne domin akwai zane. Wa zai taso daga wata ƙasa don ya rubuta tarihin kasuwar Sara, ko yadda aka kafa Basirka da Fagam da Kila da Farin Dutse, ko dalilin da ya sa ake cewa Gwaram Tsohuwa? Wa zai damu da Sundimina da Kantoga da Wurno idan ba 'ya'yansu ba? Wanda ba ruwansa da gari ba zai yi masa ƙarya ba, gaskiya ne, amma kuma ba zai rubuta masa komai ba. Saboda haka zaɓin da yake gabanmu ba mai sauƙi ba ne: ko shaidar masoyi, ko shiru. Shiru kuwa a wannan zamani yana nufin garin da ba ya cikin waya, ga yaran da suke tasowa, kamar bai taɓa yin tarihi ba.

Wa ya faɗa?

Masu kula da Wikipedia sun san wannan matsala, sai suka ɗaure masoyi da wata igiya: duk abin da ka rubuta, kawo madogara, wato littafi ko jarida ko binciken da aka riga aka wallafa, yadda wani zai iya zuwa ya duba. Abin da ka ji daga bakin kakanka, komai gaskiyarsa, ba ya shiga.

Wannan ƙa'ida tana yi mana ciwo, kuma ciwon yana da dalili. Galibin abin da aka sani game da ƙauyukanmu yana cikin kawunan tsofaffi ne. Dattijon da ya san sunayen dagatai bakwai a jere, da shekarar fari, da inda tsohuwar ganuwa ta bi, maganarsa ba ta da kujera a kundin. Amma rahoton da wani jami'in mulkin mallaka ya rubuta bayan ya kwana biyu a gari yana ƙidayar masu biyan haraji, ta bakin tafinta, shi yana da ita, domin yana kan takarda. Ba mu kaɗai muka ga wannan rashin daidaito ba. A 2011 wani marubuci ɗan Indiya, Achal Prabhala, ya jagoranci wani gwaji a Indiya da Afirka ta Kudu, inda aka naɗi hira da mutanen karkara don a ga ko maganar baki za ta iya zama madogara. Har yau muhawarar ba ta mutu ba.

Sai dai mu duba ɗaya gefen. Da a ce an buɗe ƙofa kowa ya rubuta "kakana ya ce", me zai faru da shafin kowane gari mai gidajen sarauta biyu? Kowane gida yana da kaka, kowane kaka yana da labarin da ya sa gidansu a gaba. Ƙa'idar madogara garkuwa ce da take kare mai karatu daga soyayyarmu, har ta kare mu daga kanmu.

Kuma wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman hadisi sun gina ilimi guda a kan tambayar "wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa?" Ba su raina maganar baki ba, amma sun ƙi karɓarta ba tare da sarƙar mutanen da ta biyo ta hannunsu ba, kuma sun binciki kowane mutum a cikin sarƙar. Darasin da za mu ɗauka shi ne, akwai aikin da ya riga gyaran shafi. A je wurin tsofaffi da waya a naɗi maganarsu da izininsu, a rubuta sunan mai magana da ranar da wurin, a ji daga gida fiye da ɗaya, sannan a kai ga wallafawa a mujalla ko littafi ko kundin digiri. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana kusa da mu, ga ta Bayero a Kano. Tunda yankin nan yana ƙarƙashin Kano har zuwa 1991, mai neman tsofaffin takardunsa sai ya nufi Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House a Kaduna. Idan ya samo su, ya tuna cewa takarda ma mutum ne ya rubuta ta, da nasa son da nasa ƙin. Adalci shi ne a ce "rahoton wane na shekara kaza ya ce", a bar mai karatu ya san bakin da maganar ta fito.

Labari ɗaya, baki biyu

A kudu da mu akwai Ningi, a jihar Bauchi ta yau. Wajen shekarun 1840 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano saboda saɓani a kan kuɗin ƙasa, suka shiga duwatsun Ningi, suka haɗa kai da mutanen wurin. Daular da ta tashi daga nan ta shafe shekaru masu yawa tana gwabzawa da Kano da Bauchi da Zazzau, garuruwan kudancin Kano da suke bakin iyaka kuwa su suka fi ɗanɗana hare-haren.

Yanzu a ce ɗan Gwaram da ɗan Ningi sun haɗu a shafi ɗaya. Na farko ya tashi da labarin mahara masu ƙone gari su kwashi mutane. Na biyu ya tashi da labarin jarumai da suka ƙi zalunci suka kare 'yancinsu. Kowannensu gaskiyar gidansu ya faɗa. Idan ɗaya ya goge na ɗaya, gobe wancan ya dawo ya mayar, za su shekara suna ja-in-ja mai karatu bai ƙaru da komai ba. Hanyar fita ita ce su rubuta abin da ya faru, su faɗi yadda kowane ɓangare yake kallonsa da inda aka samo hakan, har ya zama ɗan Ningi ya karanta ya ce "haka muke faɗa", ɗan Gwaram ma ya ce "haka muke faɗa". Wannan ba ya nufin kowace magana daidai take da 'yar'uwarta. Abin da hujja ta rushe ya rushe, ko na gidan wa ne. Abin da ake nema shi ne kada mu yanke hukunci da ƙarfin yawanmu ko yawan datarmu.

A nan ne za mu ga wani abin mamaki. Masoyi shi kaɗai shaidarsa gurguwa ce, amma idan aka zaunar da shi da masoyin ɗaya ɓangaren, aka tilasta musu jimla ɗaya da duka za su sa hannu, abin da yake fitowa yakan fi na baƙo inganci, domin kowannensu ya san ramin da ɗayan yake son tsallakewa. Ashe abokin hamayyarmu a wannan aiki ba cikas ba ne, rabin idonmu ne.

Kyakkyawar niyya ba ta isa ba

Akwai wata ɓarnar da so yake yi wadda ba ta da alaƙa da yabo. A watan Agusta 2020 aka gano cewa maƙaloli fiye da 20,000 na Wikipedia ta harshen Scots, wanda ake yi a Sikotilan, wani matashi Ba'amurke ne ya rubuta su, alhali bai iya harshen ba. Tun yana yaro ya fara, Turanci yake ɗauka yana sauya wa kalmomi kama. Bai yi don mugunta ba, taimako ya yi niyya. Amma shekara da shekaru duk wanda ya je ganin yadda harshen yake, jabu ya tarar.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye. Abu ne mai sauƙi yau mutum ya kwafo maƙalar Turanci, ya zuba wa injin fassara, ya manna abin da ya fito ba tare da ya karanta ba, don adadin maƙalolinsa ya ƙaru ko ya ci wata gasa. Sai ka ga jimla kalmominta na Hausa, ƙashinta na Turanci, ba Bahaushen da zai furta ta a kasuwa. Injinan fassara da manhajojin da suke amsa tambaya kuwa daga irin waɗannan rubuce-rubuce suke koyon harshe. Gurɓatacciyar Hausar da muka zuba yau ita za su mayar wa 'ya'yanmu gobe a matsayin daidai. Maƙala ɗaya a kan kasuwar Sara da mutum ya rubuta da Hausar da ya sha a nono ta fi ɗari da aka jibge ba a duba ba.

Sai kuma mutunci. A 2005 wani ya rubuta a Wikipedia ta Turanci cewa an taɓa zargin wani tsohon ɗan jarida Ba'amurke, John Seigenthaler, da hannu a kisan John da Robert Kennedy. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta zauna wajen wata huɗu kafin a cire, abin da ya sa aka tsaurara dokokin rubutu a kan mutanen da suke raye. A garuruwa irin namu, inda kowa ya san kowa, layi ɗaya a kan asalin wani gida, ko rikicin gado, ko dalilin da ya sa aka tuɓe wani dagaci, yana iya hana aure ko ya ta da gabar da ta kwanta. Magana zarar bunu ce. Abin da mai riƙe da muƙamin jama'a ya yi da muƙaminsa haƙƙin jama'a ne su sani, ko da bai yi masa daɗi ba, in dai akwai hujja. Amma sirrin gidan talaka, ko da gaskiya ne, ba tarihi ba ne, gulma ce da ta sami waya.

Aikin da ba a sa masa suna

Abin da ya fi yi wa sabon mai gyara zafi shi ne ranar da ya dawo ya tarar wani wanda bai sani ba ya sauya jimlar da ya kwana yana sassaƙawa, ko ya cire ta gaba ɗaya. Zuciya takan ce, garinmu ne, ni na rubuta, shi wane ne? Amma sharaɗin shiga gonar ke nan tun farko. Duk abin da ka zuba ka sallama shi, kowa yana iya gyarawa, kowa yana iya kwafa ya yi amfani da shi. Ya fi kama da waƙafi: wanda ya haƙa rijiya ya bayar, ba shi da ikon zaɓar mai jan ruwa. Kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Rubutu ba suna ba sabon abu ba ne a wurinmu. Tarihin sarakunan Kano da H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, wanda masana suke dogaro da shi har yau, marubucinsa bai sa sunansa ba, masana sai hasashe suke yi. Tatsuniyoyi da labaran da Frank Edgar ya buga a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913 malaman Hausa ne suka rubuto su da ajami, amma sunan da yake bangon littafin na Edgar ne. Masu zanen shanun Dutsen Mesa ma ba su bar mana sunansu ba.

Sai dai kundin zamani ya zo da wani tsari da ya cancanci mu tsaya a kansa. A fuskar maƙala ba sunan kowa. Amma a bayanta akwai tarihin gyara, inda aka ajiye kowane harafi da aka ƙara ko aka cire, da sunan da mai gyaran yake amfani da shi, da rana da sa'a. Yabo ba ya zuwa ga kowa, alhaki kuwa yana da mai shi. Mu kwatanta da abin da muka saba gani a bakin hanya: allo mai ɗauke da sunan wanda ya kawo rijiyar burtsatse da manyan baƙaƙe, ranar da ta lalace kuwa a rasa wanda za a tambaya. A can suna yana gaba, alhaki ya ɓace. A nan an juya abin. Matashin da ya saba aiki a inda ba a tafa masa amma ana iya bin sawun kuskurensa, ya koyi wata tarbiyya da ƙasar nan take ƙishirwarta, ko da bai san ya koya ba.

Akwai kuma tambayar da ya kamata mai gyara ya riƙa yi wa kansa: su wa soyayyata ta manta? Hannunmu yakan fi saurin zuwa ga masu rawani da masu muƙami. Maƙera da masaƙa da majema, ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, Fulanin da suke rugage, matan da suke riƙe da sana'o'in cikin gida, su ma Birnin Kudu ne, su ma Gwaram ne. Ba lallai kowane mutum ya sami shafinsa ba, amma sana'arsu da rayuwarsu suna da gurbi a labarin gari. Kundin da ya ƙare a jerin hakimai da 'yan majalisa ya ba da labarin fada ne kawai.

Sharuɗɗan karɓar shaida

Mu koma ga alƙali. Dalilin da ya sa ya ajiye shaidar ɗa shi ne, hukuncinsa yankewa ne, idan ya yanke an gama, gona ta tafi. Kundin da kowa yake gyarawa kuwa zamansa ba ya tashi. Abin da aka rubuta yau ana iya ƙalubalantarsa gobe, a kawo sabuwar hujja jibi. Wannan ne ya sa yake iya ɗaukar shaidar masoyi ba tare da ya rushe ba, amma bisa sharuɗɗa. Masoyi ya faɗi inda ya samo maganarsa. Ya raba abin da ya faru da abin da yake ji. Ya bar wa na ɗaya ɓangaren wurin zama. Idan an zo da hujjar da ta fi tasa, ya saki, ko da a kan gidansu ne.

Wanda ya cika waɗannan bai rage son garinsu ba. Uwar da take son ɗanta ita take gaya wa likita ainihin abin da ya ci, ko da abin kunya ne, domin lafiyarsa take nema. Garin da 'ya'yansa suka rubuta shi da kirari zalla, baƙo yana karanta layi uku zai gane talla ce, ya daina yarda har da gaskiyar da take ciki. Wanda aka rubuta da awo kuwa, da daɗinsa da ɗacinsa, idan ya ce yana da zanen dutse da makarantar da ta yaye manya, sai a yarda.

Saboda haka masu waya a Birnin Kudu da Gwaram, maza da mata, aikin namu ne, ba wanda zai zo ya yi mana. Tsofaffin da suka san sunayen kogunan dutse da tsofaffin hanyoyin fatake suna raguwa kowace damina, a fara da su. Kafin kuma yatsa ya danna "wallafa", mutum ya sake karanta jimlarsa, ya ɗauka cewa ɗan Ningi ne, ko ɗan ɗaya gidan sarautar, ko ɗan jam'iyyar da ba tasa ba, yake leƙowa ta kafaɗarsa. Idan wancan zai iya cewa "ban so ba, amma haka ne", a wallafa. Idan ba zai iya ba, a koma a nemo hujja. Allah ya sa mu zama masu faɗin gaskiya a kan abin da muke so.